Ƙafar da ke Cikin Safa

Ummuhani tana tsaye gaban kwalaben rininta da hantsi, sai mai gadi ya leƙo ya ce tana da baƙuwa daga Djougou. Ko safar hannu ba ta cire ba ta fito. Ruƙayya ce, ƙanwarta, tsaye a baranda, ta rungume wata baƙar leda kamar an ce za a ƙwace mata.

"Ke lafiya? Tafiya haka ko waya babu?"

"Yaya, wannan ba maganar waya ba ce."

Ta kwance ledar. 'Yar kwalba ce cike da ruwan formol mai hana nama ruɓewa, a ciki kuma wani ɗan yankin fata da bai fi kan yatsa ba. Ummuhani ta ga irinsa ba iyaka. Aikinta ke nan a wannan labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti na Parakou: likita ya yanko ɗan nama daga jikin mara lafiya ya aiko, ita ta daskarar da shi cikin kaki, ta yanyanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, ta shimfiɗa a kan gilashi, ta rina, sannan a sa a mikroskop a ga abin da ke cin mutum.

"Na wane ne?"

"Na Baba. Daga ƙafarsa ta hagu. Likitan ya ce in abin da magani ke kashewa ne, to. In ba haka ba, yanke ta za a yi daga ƙasan gwiwa."

"Wace ƙafa? Ruƙayya, me ya sami ƙafar Baba?"

Ruƙayya ta kawar da kai. "Ƙaya ce ta soke shi a gonarsa ta Sérou. Tun shekarar da aka yi sunan Sufyan."

Sufyan fa! Ɗan Ummuhani, wanda yanzu muryarsa ta buɗe, har yana yi wa ubansa gardama a kan mabuɗin babur.

To, a nan sai an yi wa wanda bai san gidan Alhaji Badamasi ba bayani, in ba haka ba zai ce wace irin 'ya ce wannan. Gidan fatake ne na asali, kakanninsu da ayarin goro suka yada zango a Djougou suka ƙi tashi. Ayari ya mutu, jakuna sun koma manyan motoci, amma kunyar ɗan fari tana nan daram a gidan, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ummuhani kuwa ita ce ta fari. Ana yaye ta aka miƙa wa Gwaggo Lami a unguwar Banikanni ta Parakou, can ta girma, can ta yi lakwal, wato makarantar boko. Ubanta bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba. In ta zo gida da Salla, ta durƙusa a bakin zaure kanta a ƙasa, shi kuma ya dubi huhunan goro ya ce, "Mutanen Parakou, an iso?" Ta ce, "An iso, Baba." Ya ce, "Madalla." Hira ta ƙare. Kuma wallahi ba ƙi ba ne. Goron da ya fi kowanne fari da girma shi yake warewa ya ba Ruƙayya ta kai mata, ya ce wai ragowa ne.

Wanda kansa ke ƙasa kuwa, me yake gani in ba ƙafa ba? Abin da Ummuhani ta fi sani a jikin ubanta ƙafafunsa ne, kuma shekarun nan kullum cikin safa take ganinsu, ko da bazara ce ana gumi kamar a mutu. Ta ɗauka tsufa ne, sanyin ƙashi. Har daɗi ta ji, don ta gano wani abu guda da yake so. Duk zuwan da za ta yi sai ta shiga kasuwar Arzeke ta zaɓo masa safa masu kauri masu taushi, ta ba Ruƙayya ta ajiye masa. In ta dawo ta gan su a ƙafarsa, ranta ya yi fari tas. Ita a ganinta hirarta da ubanta ke nan.

"Sai ranar da za ki zo yake sa su," in ji Ruƙayya, tana share ido da bakin mayafi. "Da an ce kin taso, zai ce a wanke ƙafar a naɗe, a kawo safa. Kina juya baya ya cire, don zafi suke masa."

"Ke kuma da bakinki ba ki gaya mini ba?"

"Ya ce kada wanda ya kuskura. Ya ce uba ba ya buɗe wa 'yar fari ƙazantarsa. Kuma Yaya..." Ta sunkuyar da kai. "Ai mu a gida an ce ke rini kike yi. Ba kya allura, ba kya ba da magani."

Haka ne kuwa. In abokan kasuwa sun tambaya, Alhaji yakan ce, "Tana wajen likitoci, amma rini take yi." Ita kanta Ummuhani ta sha ƙyalƙyala dariya a kan wannan magana. Yau dai ba ta ga abin dariya ba.

"Me kuke sa masa duk shekarun nan?"

"Me ne ba mu sa ba? Sassaƙe, man kaɗanya, garin gawayi. Da ta fara jini tana wari har masu sayen goro suna toshe hanci, shi ne ya yarda aka kai shi asibiti."

Ruƙayya ta juya a ranar, don babu mai wanke ƙafar sai ita. Ummuhani ta shiga da kwalbar ta ajiye gaban Dokta Issaka, likitan da ke karanta gilasan da take rinawa, mutum mai sanyin magana wanda ba ya faɗin abin da bai duba sau biyu ba. Da ya ji na wane ne ya cire tabarau.

"Madam Ummu, naman mahaifinki ne. Bari wani ya yi."

"Ni zan yi, Dokta."

Bai ja da ita ba. Nama kuwa ba ya shan rini don mutum yana gaggawa. Sai ya kwana a formol, a zuƙe ruwansa, a cusa masa kaki, ya sandare. Kwanakin nan Ummuhani tana aiki kamar kullum, tana ɗora tukunya a gida, tana amsa gaisuwa, amma in an tambaye ta abin da ta ci ba ta sani ba.

Da gilashin farko ya fito daga rinin yau da kullum, mai shuɗi da ja, ita ta fara leƙawa kafin ta kai wa Dokta. Fatar ta yi kauri ta tattare, da 'yan aljihuna na mugunya ko'ina. A tsakiyar mugunyar kuwa ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu launin ƙasa-ƙasa, kowanne da tsagarsa a tsakiya kamar goro. Gabanta ya faɗi, amma faɗuwa mai daɗi. Ta san su. Tun tana lakwal ɗin koyon aikin labo ta san su.

"Kada ki yi saurin murna," in ji Dokta Issaka, idonsa a mikroskop. "Abu uku ke ba da wannan launi a gyambo. Tsohon jini ne, ko gawayin da kika ce suna cusawa, ko kuma abin da ni da ke muke fata. Ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya."

Haka suke faɗa a labo, a tambayi nama, don kowane rini tambaya ɗaya yake yi. Ta fara da na tsohon jini. Jini in ya daɗe a nama yakan bar ƙarfe, rinin kuwa da ya taɓa ƙarfe sai ya koma shuɗi shar. Dunƙulen suka ƙi yin shuɗi. Ta koma na biyu, wanda suke kira PAS. Gawayi ba ya shan rini ko an kwana ana jiƙa shi, amma fumfuna, irin wadda ke lulluɓe goro in ya sha danshi, bangonta kan sha wannan rini ya yi ja kamar zoɓo. Ta ɗauraye gilashin, ta rufe, ta leƙa. Ga su nan, bangonsu ya ɗauki ja.

"Saura azurfa," in ji Dokta.

Rinin azurfa shi ne mai tonon silili. Duk inda fumfuna ta ɓuya sai ya mai da ita baƙa ƙirin a kan kore, har wadda ido ya tsallake. Sai dai yana da wani hali: fara da baƙa duk baƙi yake musu, ya rufe launinsu na asali, mutum ya kasa bambancewa. Shi ya sa Ummuhani ta ware gilashi ɗaya ba ta sa masa komai ba, ta narke kakinsa kawai ta rufe shi haka tsirara. Dokta ya duba na azurfa, ya ga yawansu, ya girgiza kai. Ya sa wanda ba a rina ba. Naman duk ya dushe kamar ruwa, amma dunƙulen suna nan da launinsu na ƙasa-ƙasa.

"C'est ça, shi ne. Launinsu ne na kansu. Baƙar fumfuna ce, irin da ke zaune a ruɓaɓɓen itace da ƙaya. A hankali take ci, ba ta gaggawa."

"Tana da magani," in ji Ummuhani. Ba tambaya ba ce. Ƙwayoyi ne, ana sha wata da watanni, amma ana sha. Alhamdu lillahi! Har ta zaro waya tana neman lambar Ruƙayya.

"Tsaya tukun," in ji Dokta.

Ya mayar da gilashin farko, yana tura shi a hankali zuwa gefe, inda naman ya ƙare. Ya daɗe a wurin.

"Wannan ciwon yakan yi wa mutum wayo," ya ce. "Fatar kan kumbura ta yi kama da ciwon daji alhali ba shi ba ne. Ina fatan abin da nake gani ke nan. Yanko mini daga can ƙasa."

Ta koma ga injin yanka. Ita da ake misali da hannunta a labo, ranar sai da yankan ya yi ta yagewa tana sakewa. Tana juya hannun injin tana roƙon Allah, ba wata doguwar addu'a ba, ƙafar kawai, ya Allah ƙafar. Da ta kai sabon gilashin ba ta zauna ba. Dokta Issaka ya duba, ya ɗaga hoton ƙashin da likitan Djougou ya haɗo da kwalbar ya kalla a hasken taga, ya sake dubawa. Sannan ya matsa gefe ya bar mata kujerar.

Ba ta buƙaci bayani ba. Ƙwayoyin fatar sun ɓalle daga layinsu sun nutsa can ciki a hargitse, manya, munana.

"Fumfunar ta daɗe tana cin wuri ɗaya, har fata ta gaji ta juya," in ji shi. "Kuma ya taɓa ƙashi. Je suis désolé, Madam Ummu, sai haƙuri."

Abin da ya ƙona mata rai ba sakamakon ba ne kaɗai. Ta san yadda ciwon ke farawa. Ɗan tsiro ne kamar kan kaza, da ɗigo-ɗigon baƙi a samansa kamar an barbaɗa masoro. A kankare ɗigon da reza, a ɗiga masa ruwan potas a kan gilashi, kafin koko ya huce an san mene ne. Ba rinin azurfa, ba kaki, ba komai. A lokacin a yanke ɗan tsiron ko a sha ƙwaya, shi ke nan. Idonta ya yi shekaru yana kan ƙafar nan, tazarar da ba ta fi tabarma ɗaya ba, kuma abin da ya shiga tsakani da hannunta ta sayo shi.

Washegari ta hau zem, babur ɗin haya, zuwa tashar Djougou. Cunkoso ya tsayar da su a bakin kasuwar Arzeke, sai ga mai safarta ya hango ta yana ɗaga hannu yana washe baki.

"Hajiya! Sababbi sun zo, masu kauri irin na Baba!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce wa mai zem ya bi ta wata hanya.

Zauren yana nan yadda ta san shi, da huhunan goro jingine da bango da ƙanshin ɗanyen ganyen fita na naɗe goro. Sai dai a ƙarƙashin ƙanshin akwai wani wari da turaren wuta ya kasa rufewa. Alhaji Badamasi yana zaune a kan buzu, ya rame. Ƙafar dama tana cikin safa. Ta hagu ta fi ƙarfin safa, an lulluɓe ta da farin rawani. Ummuhani ta durƙusa a inda ta saba.

"Mutanen Parakou, an iso?"

"An iso, Baba."

Ta juya ga Ruƙayya da ke raɓe a ƙofa, yadda aka saba, ta ce, "Ki gaya wa Baba..."

"Tana da baki," ya ce da huhun goro. "Ta faɗa."

Sai ta faɗa, kanta a ƙasa. Ta ce fumfuna ce ta shiga tare da ƙayar. Ta ce irin ta goro ce, sai dai wannan baƙa ce, kuma nama take ci. Ya tambayi yadda aka yi aka gane, ta gaya masa rinin da ya ƙi yin shuɗi, da wanda ya yi ja, da gilashin da ba a rina ba. Yana ji yana gyaɗa kai, don mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsince ruɓaɓɓen goro daga mai kyau ba ya buƙatar a maimaita masa.

"Ashe rinin nan abin da yake yi ke nan," ya ce a hankali.

Sannan ta faɗi sauran. Ruƙayya ta fashe da kuka ta shige gida. Alhaji ya ce Inna lillahi, ya yi ta jan casbi. Wata mota ta wuce a waje. Can ya ce, har yanzu ba ita yake kallo ba:

"Da an kai tun tana ƙarama fa?"

Tana iya cewa Allah ne masani, kuma ba ƙarya ta yi ba. Har maganar ta zo bakinta. Amma wannan ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mata a kan aikinta, ta ji ba za ta iya ba shi amsar da ake ba baƙo ba.

"Da ƙwaya ta isa, Baba."

Casbin ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Baba," ta ce, "a bar ni in gani."

Ya sa hannu ya gyara rawanin, ya ƙara jawo shi kan yatsun.

"Ai an gani a gilashi," ya ce. "Ya isa."

A Parakou aka yi aikin. Ka'ida ce abin da aka yanke ya biyo ta labo, a ɗebi nama daga bakin yankan a tabbatar ba a bar daji a jiki ba, sannan a ba dangi su binne. Dokta Issaka ya sake cewa a bar wa wani. Ta sake cewa ita za ta yi.

Ta buɗe ƙyallen a kan teburinta. Wayyo Allah. Daga idon sawu zuwa tsakiyar ƙwauri tsiro ne a kan tsiro, ya yi ɓawo ya farfashe, ga gyambon a tsakiya. A ko'ina kuwa ga ɗigo-ɗigon baƙin nan, birjik, waɗanda da daga bakin zaure ta hango su da ta kira sunansu. Yatsun ne kaɗai suka tsira. Ta tsaya tana kallonsu. Na biyu ya fi babban tsawo, ƙaramin ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ta dubi nata cikin silifa. Sak. Tana da 'ya'ya har sun girma, sai yau ta san ƙafar ubanta ce da ita.

Ta yi kuka, kuka sosai, har sai da ta zauna. Bayan nan ta wanke ido ta ɗebi abin da za ta ɗeba. Ta wanke ƙafar da ruwan ɗumi, tsakanin yatsu da dunduniya, a hankali kamar tana iya jin zafi, ta naɗe ta cikin farin yadi, ta miƙa wa ƙaninta Muhammad Amin ya tafi da ita Djougou.

Bakin yankan ya fito tsaf, babu daji, babu fumfuna. Da kanta ta tafi kai labarin ɗakin marasa lafiya. Tun daga ƙofa ta hango shi, kwance, fuskarsa wajen taga. Zafi ake yi, Ruƙayya ta yaye masa zane tana yi masa fifita, ga dungulmin nan naɗe da bandeji a fili, duk mai wucewa yana gani, masu shara da masu jinyar gadon kusa. Ƙafar dama tana cikin safa mai ruwan toka, ta Sallar bara.

Ya ji takunta. Bai juyo ba. Ya miƙa hannu yana lalube, da ƙyar, da robar ƙarin ruwa a jijiyarsa, har ya kamo bakin zanen, ya ja ya rufe wurin da ƙafar take a da.

"Mutanen Parakou," ya ce.

Ta durƙusa a gefen gadon, kanta a ƙasa.